Cirino Spampinato da Ginshiƙin Ƙofar Fita

A ranar Litinin, talatin ga Satumba na shekarar 2024, Cirino Spampinato ya ajiye aiki a filin jirgin samanmu na Kataniya, a nan tsibirinmu, bayan shekara talatin da takwas da wata shida. Ni tsohon malamin tarihi ne, na saba raba zamani kashi-kashi, saboda haka na raba nasa uku: shekara ashirin da biyu yana ɗan dako, goma sha ɗaya yana tura keken guragu, biyar na ƙarshe kuma yana tattara amalanken kaya a wurin ajiye motoci. Babu jaridar da ta ambaci ranar. Abokan aikinsa sun saya masa kofi, ya sha a tsaye, ya miƙa rigar kamfani, ya hau bas ɗin da ya saba hawa. Abin da ya fitar da shi daga kashi na biyu zuwa na uku shi ne dalilin wannan rubutu, domin a kan idona aka yi shi, kuma saboda matata aka yi shi.

A shekarun da yake tura keke, kafin jirgin farko na Roma ya tashi ya riga ya iso. Yakan fara da duba kekunan ɗaya bayan ɗaya: ya gwada birki, ya juya taya, ya goge hannun kujera da tsumma, domin a cewarsa tsoho ba fuskar mai tura shi yake kallo ba, inda zai ɗora hannunsa yake kallo. A aljihun ƙirjinsa akwai mataji da ƙaramin madubi, a na wando kuma hankici mai guga, wanda matarsa Santina take canza masa kowace safiya. Daga nan rediyon da ke rataye a kafaɗarsa zai fara kira, ba kuma zai yi shiru ba har a tashi.

Mutum fiye da miliyan goma ne ke ratsa wannan gini a shekara, mafi yawansu ba su san da shi ba. Masu yawon buɗe ido suna sauka da gajeren wando, su shiga layin hayar mota suna tambayar ina teku. Ɗalibai suna tashi zuwa arewacin ƙasar da niyyar dawowa, irin niyyar da iyayensu suka taɓa yi. Iyaye mata suna rigima da masu binciken kaya a kan kwalbar man zaitun da miyar tumatir da suka dafa wa ɗa a Jamus. Mutanen Cirino daban suke. Wasu marasa lafiya ne masu zuwa asibitocin arewa su dawo. Wasu kuma tsofaffin 'yan ci-rani ne, waɗanda suka bar tsibirin nan a jirgin ƙasa da akwatin kwali. Tun a 1946 gwamnatinmu ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam, mu ba su maza su ba mu kwal. A 1955 aka ƙulla wata da Jamus. Waɗanda suka tafi a lokacin da ƙarfinsu, su ne ke dawowa yanzu numfashi da ƙyar. Da dokar Turai ta ɗora wa filayen jiragen sama alhakin kula da irin waɗannan fasinjoji a bazarar 2008, sai aka nemi masu tura keke, Cirino ya ajiye dako ya karɓa.

Duk wanda ya taɓa sauka a nan ya san hanyar. In ka ɗauki kayanka ka wuce 'yan kwastan, akwai wani ƙaton ginshiƙi a hannun dama, daga shi sai ƙofar gilashi mai buɗe kanta, wadda na waje ba sa ganin na ciki sai ta buɗe. A bayan ƙofar dangi suke tsayawa.

Nunziata Pulvirenti, wadda suka fara aikin keke rana ɗaya da shi, ita ta ba ni labarin yadda abin ya samo asali. A wannan bazara ta farko an ba shi wani dattijo daga Beljiyam, Filadelfo, tsohon mai haƙar kwal da ƙura ta cinye wa huhu. Suna kaiwa ginshiƙin sai dattijon ya damƙe taya da hannu.

"Yaro, taka birki."

Cirino, wanda a lokacin ya haura hamsin, ya ce an daɗe ba a kira shi yaro ba, ya tsaya.

"Ƙanena Alfio yana bayan ƙofar nan," in ji dattijon. "Tun muna yara nake kayar da shi, shekara hamsin kuma ina aika masa cewa har gobe zan iya. In ya gan ni a kujerar nan, dariyarsa ce za ta kashe ni, ba huhu ba."

"To Baba, in ka faɗi fa?"

"Sai ka ce masa santsi ne."

Cirino ya ɗaga shi, ya gyara masa hula, ya ja masa kwat ta zauna a kafaɗa. Dattijon ya fita da ƙafarsa. Ƙanen ya dube shi sama da ƙasa ya ce ashe tsohon banzan bai mutu ba, shi kuma ya ce yana jiran ya binne na baya tukuna. Suka rungume juna. Nunziata ta ce ba su yi nisa ba suka zube a benci na farko, su biyun suna haki.

Tun daga ranar ya mai da abin ƙa'idar aikinsa. In sun kusa ginshiƙin yakan sunkuyo ya tambayi fasinja ko akwai mai jiransa a waje. In akwai, sai ya ce: da ƙafa ko a zaune? Bai taɓa tilasta wa kowa ba. Baƙi mafi yawa sukan ce a zaune, har su yi mamakin tambayar, ya tura su bai ƙara magana ba. Mutanenmu kuwa, ko ƙafa ɗaya ta rage musu, sai sun gwada ta. Wanda bai iya miƙewa ba sam, yakan taje masa kai, ya gyara masa wuyan riga, ya riƙe masa madubi. Mai sayar da kofi a zauren ya gaya mini cewa daga yadda tsoho ya fito yakan gane ko Cirino ne ke bayansa, domin nasa tsofaffin kamar daga gidan aski suke fitowa.

Kai ne, Cirino, ka gane abin da ba a rubuta a dokar Turai ba. Dokar ta ce a kai mutum inda za shi. Kai ka lura cewa mutumin tsibirin nan ba wuri kawai yake komawa ba, idon mutanensa yake komawa, kuma yadda aka fara ganinsa a bakin ƙofar nan haka za a ba da labarinsa a ƙauye har ya mutu.

A farkon 2019 kwangilar kula da fasinjojin ta koma hannun wani kamfani, wanda ba zan kira sunansa ba. Suka zo da sabon manaja, matashi mai ladabi, da sabuwar doka: duk fasinjan da aka rubuta shi a mai keke, a keke zai zauna har a damƙa shi ga danginsa ko a sa shi a mota. Dalilin inshora ne. Nunziata ta daina tsayawa a ginshiƙi tun makon farko. Tana da 'ya'ya biyu, miji kuma babu. Cirino ya ci gaba, sai dai yakan fara waigawa. Sau biyu manajan yana kiransa ofis, a na biyun ya gaya masa cewa karo na uku ba magana za a yi ba. Shekara biyar suka rage masa ya kai fansho, kuma a shekarunsa babu wanda zai ɗauke shi wani aiki a garin nan. Duk wannan ban sani ba a lokacin.

Matata Venera ta kamu da ciwon da ba ma kiran sunansa a nan, mugun ciwo kawai ake cewa. Tun damunar 2018 muke zirga-zirga zuwa wani asibiti a Milano. Mahaifiyarta, Inna Agatina, tana da shekara casa'in da ɗaya, kuma iyali sun haɗa baki an gaya mata cewa Venera tana zuwa taya ɗanmu renon jariri ne. Tun tafiya ta uku ƙafafun Venera suka daina ɗaukar tsawon zauren, sai a keke, yawanci kuma Cirino ke turawa. Takan kira shi Direba, yakan kira ta Uwargida. Ba a taɓa buƙatar ginshiƙi ba, domin ba ma bari kowa ya zo tarbarmu. Tasi muke shiga.

A Yulin 2019 likitoci suka ce mu koma gida. Kowa ya san ma'anar wannan. A wannan makon ne Dutse, wato dutsenmu mai aman wuta, ya yi ta zubar da toka, aka rufe titin jirgi ana shara, muka yi rabin yini a zaune a Milano. Da muka sauka da la'asar, zafi kamar tanda, baƙar toka ta shigo zauren a takalman jama'a tana ƙuras-ƙuras a ƙasa, fasinjojin jirage da yawa sun cakuɗe, manajan da kansa yana tsaye da rediyo kusa da ƙofar fita. Muna jiran akwati sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwar Venera ce. Ta ce Inna ta ga labarin toka a talabijin, hankalinta ya tashi, ta tayar da rigima sai an kawo ta, yanzu haka tana bakin ƙofa a kan 'yar kujerar da ta zo da ita tun azahar.

Venera ta ji komai. Ta ɗaga kai.

"Direba, yau a ginshiƙi za ka sauke ni."

Na ga ya dubi wajen da manajan yake tsaye. Kallo ne na ɗan lokaci, ban ba shi wata ma'ana ba.

"Uwargida, ƙafar za ta ɗauka?"

"Ba ƙafa ce za ta ɗauka ba, taurin kai ne. Tambayi Malam, shekara arba'in da huɗu yana fama da shi."

Ya tura ta bayan ginshiƙin ya taka birki. Ya riƙe mata madubi ta shafa jan baki, ta daidaita hular gashin da take sawa tun da nata ya zube. Sannan ya durƙusa, a kan gwiwoyin da na ji suna ƙara, ya goge tokar da ke ƙasan takalmanta da hankicin Santina, don kada ta zame. Ya miƙe ya cire rigar kamfani ya ninke ta a kan kujerar, ya karɓi akwatinmu daga hannuna.

"Malam, kama hannunta na hagu, kamar za ku coci ranar Lahadi. Kada ka riƙe ta riƙon mai jinya, tsohuwa za ta gane. Ni yau na koma ɗan dako."

Ƙofa ta buɗe. Ban san tsawon wurin ba, ban auna ba. Na dai san nauyinta duka yana kan hannuna, fuskarta kuma tana murmushi. Inna Agatina ta miƙe daga kujerarta. Ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu ta ce ta rame. Venera ta ce abincin Milano ne, kullum shinkafa da man shanu, wa zai yi ƙiba a kansa. A daidai nan na ji gwiwarta ta saki. Kafin in yi wani motsi akwatin ya riga ya shigo bayanta, ta zauna a kai kamar da niyya, ta ce sabon takalmin nan ya cinye mata ƙafa. Cirino ya ce Uwargida ta sani fa, zaman akwati ma haya ake yi. Inna ta juyo ta wanke shi tas, ta ce a zamaninta ɗan dako ba ya sa baki in uwa da 'ya suna gaisawa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Ya tsaya yana tare ta da jikinsa har mota ta matso bakin ƙofa.

Manajan yana nan tsaye, ya ga komai: keke babu kowa a bayan ginshiƙi, rigar kamfani a ninke, fasinjar da aka rubuta ba ta iya tafiya ba tana zaune a kan akwati a tsakiyar jama'a.

Venera ta rasu a Satumba, a gida, a kan gadonta. Bayan addu'ar kwana talatin muna zaune, Inna Agatina ta ce, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, wai mun ɗauka ita makauniya ce. Ta ce ita ta haife ta, tun tafiyar farko ta sani. "Amma ta fito mini da ƙafarta," in ji ta. "Ta yi mini kara, ni ma na yi mata." Ta rayu shekara biyu bayan haka, kuma duk wanda ya zo gaishe ta, labarin fitowar nan take ba shi, ba labarin gadon jinya ba.

A Disamba na je tarbar ɗanmu. Ana yayyafi, na hango wani mutum a wurin ajiye motoci ya sa kafaɗa yana tura dogon jerin amalanke zuwa hawa. Sai da na matsa na gane shi. Na tambaye shi me yake yi a waje, ya ce likita ne ya ce ya riƙa shan iska. Ya tambaye ni Uwargida, na gaya masa, ya cire hula ya tsaya a cikin ruwan, sannan ya mayar ya ce amalanke ba sa jira. A ciki Nunziata ta gaya mini gaskiya. Washegarin saukarmu aka dakatar da shi. Kora aka yi niyya. Ƙungiyar ma'aikata ta shiga tsakani, aka daidaita a kan a fitar da shi waje, kada ya sake taɓa keke.

Na je wurin manajan. Ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni kujera. Ya ce da matata ta faɗi ta karye a ranar, da kamfani ya rasa kwangila, da gidaje arba'in sun rasa abinci, kuma da wataƙila ni ne na farko da zan kai ƙara. Na shafe rayuwata ina koya wa yara su saurari ɓangare biyu kafin su yanke hukunci, saboda haka ba zan ce ƙarya ya yi ba. Na fito ban sami komai ba. Na sake komawa sau ɗaya, sannan na gaji, kamar yadda muke gajiya a tsibirin nan.

Shi bai sami damar gajiya ba. Shekara biyar yana tura ƙarfe a kan kwalta, a ranar Agusta da ruwan Janairu, in Dutse ya yi tari kuma ya tura a cikin toka, tayoyin suna cijewa. Kwatangwalonsa na dama a nan ya tafi. Sau ɗaya na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce nadamarsa ɗaya ce, hankicin nan bai ƙara fita fari ba, Santina kuma har yau tana yi masa gori.

Cirino, mai tayar da na zaune, ban da abin da zan ba ka sai wannan shaida. Kai ne ka ba wata tsohuwa hoton 'yarta a tsaye, ta riƙe shi har kabarinta. Kai ne ka san farashin abin kafin ka taka birki, ka dubi inda mai hukunta ka yake tsaye, sannan ka durƙusa kana goge takalmi. A madadin Venera, da mahaifiyarta, da Filadelfo da ban taɓa gani ba, da sauran waɗanda suka fita ta wannan ƙofa kansu a taje, na gode. Masu karatu kuma ba zan ce ku karya dokar wurin aikinku ba. Na ga abin da ake biya, ban kuma da ikon aika kowa ya biya shi. Abin da zan roƙa ya fi wannan sauƙi. In an ba ku mutum ku tura, a asibiti ne ko a ofis ko a cikin gidanku, ku sunkuya ku tambaye shi yadda yake so a gan shi. Masu rubuta dokoki kuwa, su nemo hanyar da za a riƙe tsoho ya yi 'yar tafiyar nan ba tare da wani ya rasa abincinsa ba. An warware abubuwan da suka fi wannan wuya a tarihi.

A Fabrairun 2025, bayan bikin Waliyya Agata, ya tafi Bolonya aka yi masa aikin kwatangwalo. Ranar dawowarsa a Maris na raka Santina, muka tsaya a bakin ƙofar gilashi. Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi. Nunziata ce ta roƙa a ba ta shi. Da suka kai ginshiƙin sai ta taka birki, abin da ta yi shekara shida ba ta yi ba, ta miƙo masa sandunan dogarawarsa.

"Wa ya ce ki tsaya?"

"Santina tana waje, Yaya. Tashi, ina riƙe da kai."

"Saki birkin nan, Nunziata. Ƙaraminki bai gama makaranta ba."

"Kai da ka tayar da rabin tsibirin nan, kai ne za ka fita a zaune?"

"Santina shekara arba'in tana ganina a tsaye, ta ƙoshi da gani. Ni ma na gaji. Miƙo mataji dai."

Ƙofa ta buɗe, ya fito a zaune, sandunan a kan cinyarsa, kansa a taje. Santina ta sunkuya ta gyara masa wuyan riga. Dokar tana nan yadda take, Nunziata kuma tana kan aikinta.